Hancin MiG-21 ɗina ya tsuke: in yanka ko in haƙura?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau da matsala na zo. Wana da ke Ingila ya turo mini kit ɗin MiG-21MF, wato ɓangarorin filastik da ake haɗa ƙaramin samfurin jirgin yaƙin nan da su, sikeli 1/48 (kowane awo na gaske an raba shi da 48), tsohon yayi ne, a gwanjo ya tsinto shi, kwalin ma duk ya koɗe. Niyyata in haɗa shi da tambarin sojan saman Najeriya, kore-fari-kore, tunda mun taɓa mallakar irinsa. To jiya da daddare na kama ɓarin jikin biyu da tef don in ga tsayuwarsa kafin in sa gam, sai abin ya ƙi kwanta mini. Hancin ya tsuke kamar bakin buta, tozon da ke bayan matuƙi ya yi ƙiba, fikafikan kuma da na ɗora su a kan zanen awon jirgin da na bugo, sun gaza da kusan milimita 4 daga tsini zuwa tsini. Ga hotuna nan. Har na yanko filastik ɗin da zan ƙara wa fikafikan, na ce bari dai in ji ta bakinku.

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam. Malam, manna abinka ka fesa fenti ka ɗora a kan kabad. Wa zai shigo ɗakinka da rula? Ni a hoton nan MiG nake gani, ban ga buta ba.

Injiniya:
Dakata da wuƙar nan tukuna. Kafin ka taɓa fiffike, ɗauki rula ka auna zanen da kansa, daga tsinin fiffike zuwa ɗaya tsinin, ka gaya mini nawa ka samu. Sannan ka auna na kit ɗin.

Ɗan Tudun Wada:
Zanen 153. Kit ɗin 149 da ɗan ɗoriya.

Injiniya:
To alhamdu lillahi da ka tambaya. Faɗin MiG-21 na gaske, fiffike zuwa fiffike, mita 7.154 ne. Raba da 48, ka samu milimita 149. Fikafikanka lafiyarsu lau, zanenka ne ya kumbura da kusan kashi 3 cikin ɗari. A ina ka bugo shi?

Ɗan Tudun Wada:
Innalillahi. A shagon fotokofi na bakin layinmu. Na ce wa yaron ya cika takardar.

Injiniya:
Shi ke nan, ya cika maka ita kuwa. Kuma abin haushi da fotokofi, wani lokaci yadda ya ja tsawo daban, yadda ya ja faɗi daban, don haka ko ka rage kashi 3 ɗin ba lallai tsawon jirgin ya dawo daidai ba. Ka koma a sake bugawa, ka tsaya a kansa, kana aunawa har fiffike ya ba ka 149. Sai ka duba kusurwar gaban fiffiken, digiri 57 ya kamata ta ba ka. In ta ba ka 55 ko 59, an miƙe zanen ta gefe guda, ka yar da shi.

Bazazzagi:
Kun gani ko? Saura ƙiris garin neman gira a rasa ido. Da yanzu mutum ya yi wa lafiyayyen jirgi tiyata saboda yaron shago. Ni har yanzu ina kan bakana, hancin ma a bar shi.

Baba Makurdi:
A'a ɗana, a nan kam ban bi ka ba. Na daɗe ina kallon hoton nan na biyu. Na yi shekaru ina shiga ƙarƙashin jiragen nan da sifana a hannu, kuma abin da ya fara faɗo mini a rai da na ga hancin nan shi ne, wannan ba MF ba ne. MF bakinsa a buɗe yake, hancin ba ya tsukewa sosai, kusan a miƙe yake zuwa kamar ganga. Fiffike in ya gaza da milimita biyu ba wanda zai lura. Amma hanci shi ne fuskar jirgin nan. Mutum in aka canza masa hanci, ko uwarsa sai ta sake dubawa.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya ƙara girma Baba. Abin da na ji a jikina ke nan amma na kasa faɗa.

Injiniya:
Baba ya yi gaskiya, kuma lissafi na bayansa. MiG-21 na farko-farko, irin F-13, faɗin bakin shan iskarsa milimita 690 ne. Da aka zo samfurin PF aka sa masa babbar rada a cikin tsinin nan na tsakiya, dole aka buɗa bakin zuwa 870, kuma MF a kan wannan ya taso. A sikelinka, 870 ya zama 18.1, shi kuwa 690 ya zama 14.4. Nemo kalifa, abin awon kauri da faɗi, ka auna naka, rula ba za ta yi ba a nan.

Bazazzagi:
Wane Khalifa kuma? Na Tijjaniyya ko na gidanmu?

Injiniya:
Ta masu juya ƙarfe, Malam. Allah ya shirye ka.

Ɗan Tudun Wada:
Na aro a wurin maƙwabcina mai gyaran janareta. Bakin ya ba ni 16.5.

Ɗan Damagaram:
Ina wuninku. To tunda hancin ƙarami ne, me zai hana ka bar shi ka mai da jirgin F-7 ɗin nan da Najeriya ta sayo daga Sin? Ai shi ma MiG-21 ne, kuma na ga bakinsa ƙarami. Ka huta da yanka.

Injiniya:
Da ma da sauƙi haka. F-7Ni jikan F-13 ne, bakinsa na 14 da ɗoriya ne a sikelin nan, shi kuwa 16.5 gare shi. Ya yi wa MF kaɗan, ya yi wa F-7 yawa, ya tsaya a tsakiya kamar jemage. Ban da haka fiffiken F-7Ni a karye yake: daga jiki ya taso da digiri 57, a tsakiya ya karya zuwa 42, faɗinsa mita 8.32, wato milimita 173. Sai ka ƙera sababbin fikafikai, ka sauke tozon gaba ɗaya, ka nemo wani gilashin matuƙi. Wannan ba gyara ba ne, sabon gini ne.

Ɗan Damagaram:
To na janye. Ni da ma jirgin yaƙi Su-25 nake haɗawa, irin guda biyun da Nijar ta samu a 2013, shi hancinsa bai dame ni ba.

Ɗan Tudun Wada:
To yanzu yaya zan buɗa shi? Abin da na yi tunani, tunda ban sa gam ba, in cusa siririn filastik a tsakanin ɓarin biyu, sama da ƙasa, kamar yadda ake sa wa ƙotar gatari weji.

Injiniya:
Dabarar daidai, adadin ne bai kai ba. Kana son ƙara faɗin da'ira da 1.6. Kewayenta zai ƙaru da 1.6 sau 3.14, wato milimita 5. In ka raba 5 ɗin nan gida biyu ka cusa sama da ƙasa kaɗai, hancin zai buɗe ta gefe da biyu da rabi, tsayinsa kuma yana nan yadda yake. Ka samu baki mai siffar ƙwai a kwance. Sai ka tsaga wuri huɗu: haɗin sama, haɗin ƙasa, sannan ka sa zarto ka tsaga kowane ɓari a tsakiyar gefensa. Kowace tsaga ta sha weji mai kaurin 1.25 a baki, yana sirancewa har ya ƙare a sifiri. Ka tuna zarton ma yana cin nasa, abin da ya ci sai ka mayar a kan wejin.

Anti Mai Haƙori:
Sannunku da aiki. Ina ta karantawa daga wurin aiki ban samu sarari ba sai yanzu. Injiniya, lissafinka ba gyara, amma filastik ba ya karatun lissafi. In ya tsaga huɗu ya cusa weji, abin da zai samu da'ira ce mai kafaɗu huɗu, don kowane yanki yana nan da lanƙwasarsa ta da. Kuma leɓen bakin nan siriri ne ƙwarai, garin gogewa zai cinye shi. Ni da zan yi, sai in yanke leɓen gaba ɗaya, kamar milimita 3 daga gaba, in ƙera sabon zobe daban wanda na tabbatar da'ira ce cikakkiya, in tsaga jikin in buɗa shi har ya sadu da zoben. Zoben ne zai riƙe siffar, wejin cike gurbi kawai zai yi.

Bazazzagi:
Zobe ai ga shi nan a banza. A samo sirinji a yanko bakinsa. Anti ma sai ta kawo mana daga asibiti.

Anti Mai Haƙori:
Ka ga wanda ya ce a bar jirgi yadda yake, shi ne kuma ya fara kawo kayan aiki. Sirinji ba zai yi ba ƙanena. Robarsa daban ce, irin mai santsin nan ce da gam ba ya kamawa, fenti ma ɓarewa yake yi. Gam ɗin kit narkar da filastik yake ya haɗe shi, kuma iri ɗaya kawai yake narkarwa. Ku riƙa duba ƙasan roba, in kun ga lamba 6 a cikin alamar nan mai kusurwa uku, ko an rubuta PS, to dangin kit ne. Kofin yogot da yawa haka suke, da gidan faifan CD na da. Katin ATM da katin da ake ɓallo layin waya daga jikinsa kuwa, kada ka dogara da su sai ka ɗiga gam ka ga ya ci.

Yadda nake zobe: in yanko siririn filastik mai kaurin rabin milimita, in naɗe shi a jikin wani ƙarfe mai faɗin milimita 17, soket ɗin makanikai ko bakin dirila, in ɗaure da zare, in tsoma a ruwan da ya kusa tafasa na ɗan lokaci, in cire in jefa a ruwan sanyi. Zai riƙe lanƙwasar. Rabi ta nan, rabi ta can, ka ga waje ya zama 18. In kana son ƙarfi sai ka sake sa wani falle ta ciki, ka ja shi baya kaɗan don leɓen ya zauna siriri, kuma kada mahaɗarsu ta faɗa wuri ɗaya.

Ɗan Tudun Wada:
Anti Allah ya saka da alheri. To shi tsinin na tsakiya fa? In baki ya buɗe ai zai zama kamar an sa wa babba hular yaro.

Baba Makurdi:
Zai so ƙari kaɗan a gindinsa. Amma ka kula da abu ɗaya: tsinin nan ba a kafe yake ba, motsi yake. Jirgi na ƙasa yana ciki, in gudu ya yi gudu a sama sai ya turo gaba don ya daidaita iskar da ke shiga inji. Saboda haka in za ka kwaikwayi hoto, nemi na jirgin da ke tsaye a ƙasa, tunda naka a kan tayoyinsa zai zauna. Kore ake shafa masa, ba mai sheƙi ba. Sandar awon gudu kuma a MF a saman hanci take, ta ɗan karkata dama, ba a tsakiya ba. Na ga a kit ɗinka ramin nata a kan haɗin yake. Toshe shi ka huda wani.

Injiniya:
Ƙari a kan maganar hoto. Wanda aka ɗauka da waya a kusa da jirgi ba abin awo ba ne, gilashin kyamarar yana kumbura abin da ke kusa ya ƙanƙantar da na nesa. Nemi wanda aka ɗauka daga nesa aka jawo, jirgin ya ba da gefensa sosai, tayoyin baya biyu sun rufe juna.

Ɗan Tudun Wada:
Na gane. Saura tozo. Shi kam goge shi zan yi da samfefa har ya faɗa.

Anti Mai Haƙori:
Ɗaga ɓarin ka kalli fitila ta cikinsa tukuna. Filastik ɗin wurin bai fi milimita ɗaya da ɗan abu ba. Kafin ka kai inda kake so ka ɓula. In dole sai ka rage, sai ka fara cika cikinsa da foti, wato abin cike rami, mai haɗi biyu irin su Milliput, ya kwana ya bushe, yadda in ka cinye filastik za ka tarar da abu a ƙasa.

Baba Makurdi:
Ko kuma kada ya rage. Ɗana, Najeriya ba MF kaɗai ta yi ba. MF su ne na 1975, daga baya a 1984 aka kawo samfurin MiG-21bis. Shi bis tozonsa ya fi na MF kauri da tsayi, don an ƙara masa wurin mai a ciki, kuma ya miƙe ya shige gindin jela sosai. Wannan naka da nake gani ya fi kusa da bis. A wurina ƙari ya fi ragi sauƙi: ka ɗora foti kaɗan ta baya inda ya haɗu da jela, ka kira shi bis, kuma ba ka yi ƙarya ba.

Injiniya:
Baba a gafarce ni, a nan zan ɗan ja. Bis ba tozo kaɗai ba ne. Injinsa R-25 ne, na MF R-13, akwai ƙananan ƙofofi da layukan jiki da suka bambanta. In mun ce muna gyara don gaskiya, ba ma tsaya rabin hanya ba.

Baba Makurdi:
Injiniya, injin nan a cikin ciki yake, ko a jirgin gaske sai an raba shi biyu ake ganinsa. Ni da na yi aiki a kansu, daga nesa da tozo nake rabe su. Ƙofofin da kake faɗa, in ya ga hoto mai kyau ya zana waɗanda ya gani. Waɗanda bai gani ba, kada ya ƙirƙira.

Bazazzagi:
Yau ga Baba ya dawo layina.

Baba Makurdi:
Ban dawo ba. Kai cewa ka yi kada a taɓa komai.

Injiniya:
To ni dai a rubuta cewa na faɗa. Kuma in don a huta ne, kamfanin Eduard na ƙasar Cek sun fitar da kit ɗin MF a 1/48 tun 2011, siffarsa ta yi kyau ƙwarai. Kuɗin foti da samfefa da lokacin da za a kashe a nan...

Ɗan Tudun Wada:
Yallaɓai ka duba canjin dala da kuɗin aikowa, sannan ka sake maganar. Kuma wannan kyautar wana ce, in ya zo hutu zai tambaya. Na bi shawarar Baba, bis za a yi.

Ɗan Damagaram:
Tambaya a gefe. Fotin nan mai haɗi biyu ba a samunsa a nan wajenmu. Filar masu gyaran jikin mota fa? Ita ma ai haɗi biyu ce.

Anti Mai Haƙori:
Tana yi, amma da sharaɗi. Tana ɗaukar zafi in tana kamawa, kuma ruwan da ke cikinta yana cin filastik. In ka lafta da yawa a wuri siriri zai lotsa. Shafa kaɗan-kaɗan, kuma a waje, warin ba na ɗaki ba ne. Ƙananan ramuka kuwa sufa gulu da hodar jarirai sun isa, ka kwaɓa kamar kunu ka cusa. Sai dai ka goge shi a cikin awa ɗaya. In ya kwana ya fi filastik tauri, samfefa sai ta cinye gefe ta bar shi a tsaye kamar tabo.

Admin:
A riƙa sa hotuna a cikin zaren nan don Allah, kada a buɗe sabo. Masu tallan data kuma na goge.

Ɗan Tudun Wada:
Salam jama'a, bayan kwana shida ga inda aka kwana. Zobe sai a karo na uku ya yi. Na farko ruwan bai yi zafi ba ya warware, na biyu na bar shi ya daɗe ya nannaɗe kamar ganda. Na tsaga huɗu, tsawon kowace tsaga wajen milimita 25, na cusa weji, na kafa zoben, na bar shi kwana biyu ban taɓa ba. Gogewa na fara da samfefa mai lamba 400, na koma 600, na gama da 1000, duk da ruwa, kuma na naɗe samfefar a jikin katako kamar yadda Anti ta ce mini ta akwatin saƙo, don yatsa yana bin rami ne ya ƙara zurfafa shi. Kalifa ta ba ni 18.0 a tsaye, 18.2 a kwance. Na fesa firaima, wato fentin shimfiɗa, mai ruwan toka, sai ga tsagar gefen hagu ta fito ɓaro-ɓaro, na sake cikewa na sake fesawa. Ga hoto.

Baba Makurdi:
Yauwa. Yanzu na ga jirgin da na sani. Allah ya yi albarka.

Injiniya:
0.2 ɗin nan a jirgin gaske kusan santimita ɗaya ce. Amma na yafe.

Bazazzagi:
To ni dai gaskiya ya fi kyau, ba zan ƙi faɗa ba. Amma ina layukan jikin da ke hancin? Na ga wurin ya yi sumul kamar kan jariri.

Ɗan Tudun Wada:
Samfefa ta cinye su. Irin na da ne masu tudu, ba masu rami ba. Yanzu ban san ko in bi jirgin duka in yi masa sabuwar tsaga ba, ko in mayar da na hancin kaɗai.

Anti Mai Haƙori:
In ka ce duka, ka shirya wata guda. Allurar ɗinki a cikin mariƙi, tef mai kauri a matsayin jagora, ja uku marasa nauyi sun fi ja ɗaya mai ƙarfi, don in allura ta zame sai ka koma cike da gogewa. In na hanci kaɗai ne, ga dabara: ja layin da sabuwar reza sau ɗaya, kada ka goge. Reza tana tayar da ɗan tudu a gefen yankan, bayan fenti ba mai rabe shi da na asali.

Injiniya:
Duka za a yi. Wanda ya tsaga hanci huɗu ba zai ji tsoron allura ba.

Ɗan Tudun Wada:
Injiniya ka bari in numfasa, don wata matsalar ta taso. Yanzu na gwada gilashin gaban matuƙi, ya ƙi zama. Ashe wejin sama ya kai har ƙarƙashinsa ya buɗa wurin, gefe da gefe akwai rata da ƙumba za ta shiga. In ɗiga sufa gulu ya cike?

Anti Mai Haƙori:
Kul! Tururinsa zai mai da gilashin fari fat ta ciki, inda hannunka ba zai kai ba. Farin gam na kafintoci za ka sa, ka cusa a ratar da tsinken sakace, ka share da jiƙaƙƙen auduga kafin ya bushe. In ya janye ka ƙara. Kuma ka rufe jirgin da roba ko kwali in ka gama, ƙurar hunturun nan ba ta barin ɗanyen fenti.

Bazazzagi:
Kafin ka manne tsinin, ka jefa ɗan ƙarfe a cikinsa. Nawa na bara da na manta, har yau a kan jelarsa yake zaune yana kallon silin.

Ɗan Tudun Wada:
Wayyo. Na riga na manne shi tun shekaranjiya.

Baba Makurdi:
Ramin tayar gaba na nan a buɗe ai. Ta nan za ka tura.